Haƙƙin Hanya: Gadojin Kano Da Mutanen Da Ba Su Da Mota



'Yan uwa masu karatu, duk wanda ya yi shekara goma sha biyar rabonsa da Kano, in ya shigo yau sai ya nemi ɗan jagora. Shataletalen Dangi ya zama hawa uku. Ƙofar Nasarawa tana da gadar sama. A Kabuga da Gadon Ƙaya da Ƙofar Ruwa motoci ta ƙarƙashin ƙasa suke bi. Doguwar gada ta ratsa Sabon Gari a kan titin Murtala Muhammad, ga kuma ta Hotoro da aka buɗe a Janairun 2023, sannan aka ɗora da na Ɗan Agundi da Tal'udu. Gwamnatoci uku sun biyo juna, ba su cika haɗuwa a kan magana ɗaya ba, amma dukkansu sun haɗu a kan cewa maganin cunkoson Kano shi ne gada. Mu kuma mun saba, har ta kai idan ana ƙirga aikin gwamna da gada ake farawa.

Ba mu raina waɗannan ayyuka ba. Kano gari ne na fatauci, manyan motoci na shigo masa daga Zariya da Katsina da Haɗeja da Maiduguri, kuma wanda ya san yadda mahaɗar Dangi ko ta Hotoro take cushewa a da ya san an sami sauƙi. Abin da muke son mu tsaya a kansa shi ne tambayar da ba a cika yi ba ranar yanke ƙyalle: a cikin mutanen da ke fita kowace safiya, nawa ne gadar ta rage wa kuɗin mota, nawa ne ta rage wa tsayuwa a bakin titi? Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, kuma ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, wato Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Ungogo da Kumbotso, sun haura mutum miliyan huɗu a ƙiyasin yau. Mafi yawan waɗannan bayin Allah ba su da mota, kuma ba su da niyyar saya a kusa. Gada tana yi wa abin hawa hidima. Wanda ba shi da abin hawa, sai ya fara samun wanda zai ɗauke shi kafin ya san amfaninta.

Akwai kuma wani abu da masana tsara birane suka daɗe da lura da shi. Idan aka buɗe wa motoci hanya, motocin ƙaruwa suke yi har su cike ta. Wanda a da yake barin motarsa a gida saboda cunkoso sai ya fito da ita, mai fili a bayan gari sai ya yanka ya sayar domin yanzu an ce wurin ya zama kusa, shekara kaɗan sai a koma gidan jiya. Cunkoson da aka kora daga mahaɗa kuwa ba ya mutuwa, gaba yake matsawa ya jira mu a gindin gadar. Mutanen Alƙahira sun riga mu ganin haka. Gadarsu ta 6 ga Oktoba ta kai kilomita 20, an shafe kusan shekara talatin ana gina ta, kuma duk ɗalibin Azhar zai ba da labarin yadda ake tsayuwa a kanta. Abin da ke ɗauke wa Alƙahira miliyoyin fasinjoji kullum shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa da suka buɗe a 1987.

Lissafin a bayyane yake. Adaidaita sahu tana ɗaukar mutum uku a baya, a matsa na huɗu a gefen direba. Babbar bas guda tana ɗaukar mutum sittin ba tare da an takura ba. Ke nan aikin adaidaita goma sha biyar bas ɗaya ke yi, a filin da bai kai na adaidaita biyar ba, da inji ɗaya maimakon goma sha biyar masu turnuƙe iska da hayaƙi. Titin da ya ƙi ɗaukar jama'a a ƙananan ababen hawa zai ɗauke su a manya, ba tare da an rushe gidan kowa ba.

Ya kamata mu tuna yadda aka yi muka zo nan, domin matasanmu da yawa sun taso sun tarar da adaidaita kamar tare aka halicce ta da garin. Manyanmu sun san zamanin tasi da hayis, waɗanda ke da tashoshi sanannu a Bata da 'Yankura da Ƙofar Wambai, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran unguwanni. Ba su da daɗin shiga, amma suna da layi, kuma talaka ya san kuɗinsu. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, gari kuma ya bazu zuwa lungunan da hayis ba ta shiga, sai acaɓa ta mamaye ko'ina. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da babura masu ƙafa uku a ƙarƙashin shirinta na A Daidaita Sahu, kuma manufar a fili take: a sama wa mata abin hawa na mutunci, su daina hawa bayan babur suna manne da namijin da ba muharraminsu ba. Daga sunan shirin keken ya sami suna. Sai ranar 19 ga Janairun 2013 'yan bindiga a kan babura suka kai wa ayarin Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, Allah Ya jiƙansa da rahama, cikin kwanaki gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja. Dubban matasa suka sayar da babura suka koma adaidaita. Abin da aka kawo domin ya zama ƙari ga mata, sai ya wayi gari shi ne ƙashin bayan sufurin birni gaba ɗaya, ba tare da wani ya zauna ya tsara hakan ba.

Manufar farko kuwa ta ɓace a hanya. Yau mace baliga za ta shiga adaidaita, a tsaya gaba kaɗan a ɗauki namiji a zaunar da shi kafaɗa da kafaɗa da ita, a kujerar da ba ta da sararin da za ta matsa. In ta ce ba ta yarda ba, sai ta biya kuɗin kujerar duka. Mai hali takan yi shata, marar hali ta haƙura ta kawar da kai. Muna yawan wa'azi a kan cakuɗuwar maza da mata, kuma wa'azin daidai ne, amma uwar da ke da naira ɗari biyar a hannu da yaro mai zazzaɓi a baya ba ta da zaɓin da wa'azin ke nema daga gare ta. Duk wanda ya damu da suturar mace a hanya, dole ya damu da irin motar da za ta shiga da kuɗin da za a karɓa a hannunta.

Sai kuma aljihu. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba. Cikin kwanaki bayan cire tallafi ta haura 500, a 2024 ta tsallake 1,000. Ƙaramin inji mai ɗaukar mutum huɗu ba shi da inda zai kai wannan ƙari sai kan mutum huɗun nan. Magidanci mai 'ya'ya biyar, wasu boko da safe, dukkansu Islamiyya da yamma, shi kansa zai je kasuwa, uwargida za ta je awo ko dubiya, in ya zauna ya tara kuɗin motar wata sai ya ga ya tasam ma kuɗin abinci. Abin da ke biyo baya mun san shi a unguwanninmu. A cire yaro daga makarantar da ake so a mayar da shi ta kusa ko da ba ta kai ba. Yarinya ta riƙa zuwa kwana uku a mako. Ɗalibin Jami'ar Bayero da ke zaune a Hotoro ko Rijiyar Lemo ya zaɓi laccar da zai halarta gwargwadon abin da ke aljihunsa. Zumunci ma ya taɓu, domin ziyarar da ake yi wa gwaggo a Ɗorayi duk Juma'a ta koma sai da dalili. Babu gadar da ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A Janairun 2022 masu adaidaita suka tafi yajin aiki na kwana uku saboda saɓani da hukumar KAROTA kan kuɗin sabunta lasisi. Waɗanda suka ga Kano a kwanakin nan ba za su manta ba: tituna fayau, gadoji babu kowa, jama'a kuwa sahu-sahu a ƙasa, tsofaffi da masu ciki da ɗalibai masu jarrabawa, wasu a bayan motocin ɗaukar kaya. Birni mai mutum miliyan huɗu ya tsaya cak domin ƙungiya ɗaya ta ajiye makulli. Ba muna ɗora laifi kan direbobin ba ne, suna da kukansu. Abin da yajin ya tona shi ne hukuma ba ta da ko layin bas ɗaya da za ta ce wa mutane ga madadi.

An yi yunƙuri a ƙarshen shekarar 2022. Gwamnatin Dakta Abdullahi Umar Ganduje ta sayo bas 100 da tasi 50 da sunan Kanawa, domin su yi jigila daga Jogana zuwa 'Yankura zuwa Janguza, ta kuma sanar da hana adaidaita bin wasu manyan tituna daga ƙarshen Nuwamba. Ba a kwana biyu ba aka janye dokar, domin jama'a sun fito sun rasa abin hawa. Niyyar mai kyau ce, amma an fafe gora ranar tafiya. An kori abin da mutane suka dogara da shi kafin a nuna musu cewa sabon zai iya. Bas ɗari ba za ta ɗauke nauyin dubban adaidaita a dare ɗaya ba. Sannan an bar bas ɗin a cikin cunkoso ɗaya da kowa, ga ta da girma, ga tsayawa a kowace tasha, to don me mai sauri zai jira ta?

A nan ne darasin Legas yake da amfani, kuma muna kawo Legas ne domin ƙasa ɗaya muke, kuɗi ɗaya, irin hali ɗaya. A Maris na 2008 suka buɗe layin bas na kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS. Abin da ya bambanta shi da sauran yunƙuri shi ne an yanki sashe na titin an killace shi da kankare, babu mai shiga sai bas. Mai mota yana tsaye a cunkoso yana kallon bas tana wuce shi, gobe sai ya yi tunani. Abu na biyu, hukumar LAMATA da ke kula da tsarin ba ta yaƙi ƙungiyar direbobi ta NURTW ba, sai ta sa suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, aka sama musu rancen sayen motoci, suka zama su ne masu gudanar da layin na farko. Wanda ake tsoron zai tayar da rigima sai ya zama mai hannun jari. Tsarin ba a Legas aka ƙirƙiro shi ba. Birnin Kuritiba na Brazil ya fara shi a 1974, Bogota ta faɗaɗa shi a 2000, Jakarta ta ɗauka a 2004, Darussalam ta Tanzaniya a 2016, Dakar kuma ta buɗe nata da motocin lantarki a 2024. Kuɗin mahaɗa guda mai hawa uku zai shimfiɗa kilomitoci masu yawa na irin wannan layi.

Kano ma ta fi Legas dacewa da shi. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu teku babu gulbi a tsakiyar gari, manyan titunanmu kuma, na Zariya da na Gwarzo da na Katsina da na Haɗeja da na Maiduguri, duk sun nufo tsakiya ɗaya kamar haƙarƙarin laima, kuma yawancinsu tagwaye ne masu faɗi. Abin da ya rage shi ne ƙarfin halin da za a ce wa masu motoci, waɗanda su ne masu faɗa a ji, an ɗauke muku layi ɗaya an bai wa talakawa. Mun san wannan ya fi gina gada wuya a siyasance, domin layin bas ba ya kyau a hoto, ba a kuma raɗa masa sunan kowa.

Masu adaidaita fa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma duk tsarin da ya kauce mata zai faɗi. Bayan kowane keke akwai gida, sau da yawa gida biyu, na direba da na mai keken da ake kai wa balas kullum, wanda kan zama bazawara ce ko ɗan fansho da ya zuba abin da ya tara. Babu mai hankalin da zai ce a kore su. Bas ba za ta shiga lungunan Kurna ko Sheka ko Ɗorayi ba har abada. Aikin adaidaita shi ne ta kwaso mutane daga cikin unguwa ta kawo su tasha, ta mayar da waɗanda suka sauka, gajeriyar tafiya mai yawan juyi da ƙarancin shan mai. Waɗanda za su rasa gurbi a babban titi su ne ya kamata a fara bai wa horon tuƙin bas da sayar da tikiti da aikin gareji, ƙungiyoyinsu kuma a ba su kaso a kamfanin.

Za a ce mana jirgin ƙasa na cikin gari ya fi. Wataƙila wata rana. Tun 2016 aka sa hannu kan yarjejeniyar jirgin Kano ta dala biliyan 1.85 da wani kamfanin ƙasar Sin, shekaru suka shuɗe ba a ga dogo ba. Na Abuja an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, bai dawo ba sai Mayun 2024. Yaron da ke aji ɗaya yau zai iya gama sakandare kafin jirgi ya ɗauke shi, alhali layin bas aikin shekara ɗaya ko biyu ne.

Babbar mota kuma ita ce za ta dawo mana da abin da aka nema a 2005. A jirgin Alƙahira akwai taragun da aka keɓe wa mata. A motocin Jakarta gaban bas na mata ne. Abin da ba zai yiwu ba a kujerar mutum uku, abu ne mai sauƙi a motar mutum sittin mai ƙofa biyu. Motocin ɗaukar 'yan mata zuwa makaranta da aka fara a zamanin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso sun nuna iyaye na sakin 'ya'yansu da kwanciyar rai idan sun san motar da direbanta. Sai dai labarin waɗannan motoci, da suka yi shekaru a ajiye kafin a sake tayar da su, ya nuna ciwon da ke kashe duk wani shirin sufuri a wurinmu, wato rashin gyara da kuma ɗabi'ar watsar da abin da wanda ya gabata ya fara. Saboda haka a kafa tsarin da doka, da hukuma mai asusunta, da kason gyara da aka ware tun ranar sayen motar. Kada kuma a ruɗe mu da cewa dole bas ta ci da kanta. Manyan biranen duniya suna tallafa wa sufurin jama'a daga baitulmali, kuma babu wanda ya taɓa tambayar gada nawa ta dawo da shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da hanyoyi da gadoji da kasuwanni cikin abin da ke wuyan shugaba domin maslahar talakawansa. Maslahar ita ce ma'auni, kuma dukiyar jama'a amana ce da ya kamata ta fara isa ga mafi yawa da mafi rauni.

Kowane fasinja kuma da ƙafa yake fara tafiya, da ƙafa yake ƙare ta. A yawancin titunanmu babu inda mai tafiya a ƙasa zai taka, daga kwalta sai buɗaɗɗiyar kwata. Inda aka ƙawata titi ya zama na gudu, tsallaka shi ya zama kasada ga almajiri da makaho da ɗan firamare. Gadar masu ƙafa da ke da matakala talatin ba ta da amfani ga tsohuwa mai ciwon gwiwa ko gurgu a kan keke, shi ya sa muke ganinsu suna ratsawa ta ƙasa, mu kuma muna zarginsu da taurin kai.

Wannan ya kawo mu ga namu rabon, domin ba duka laifin ke kan hukuma ba. Inda aka yi wurin tafiyar ƙafa, mu ne muka cinye shi. Mai shago ya fito da kayansa, mai gida ya miƙo dakali da tudun shigar mota, mai yashi da bulo ya zube a rabin titi, a kewayen Kantin Kwari da Singa a sauke kaya da tsakar rana a kan kwalta. Biki a kafa rumfa a toshe layi, rasuwa a toshe, taron siyasa a toshe. Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya wa hanya haƙƙi a kan mai zama a gefenta, ya kuma ƙidaya kawar da abin cutarwa daga kanta cikin rassan imani. Malaman Malikiyya sun yi bayani mai tsawo a kan wanda ya ci wani yanki na hanyar jama'a da gini, kuma inda hakan ya cutar da masu wucewa hukuncinsu shi ne a rushe.

Mafi nauyi a faɗa shi ne abin da ke faruwa a ƙofar masallatanmu. Malamai sun yi rangwame idan masallaci ya cika sahu ya fito waje saboda larura, ba a kan wannan muke magana ba. Muna magana ne a kan jera benci da duwatsu a babban titi tun kafin liman ya fito, da rufe hanya sa'o'i saboda karatu ko wa'azi ko maulidi, da masallata da ke ajiye motoci layi biyu su shige su bar gari a ɗaure. A cikin waɗanda aka tsare akwai mai naƙuda da ake gudu da ita Asibitin Murtala, akwai matafiyi, akwai wanda ba Musulmi ba da ke auna addininmu da abin da ya gani. Kwamitocin masallatan da ke kan manyan tituna suna iya gyara wannan tun Juma'a mai zuwa ba tare da jiran gwamnati ba: a bar hannu ɗaya a buɗe, 'yan agaji su tsaya a kansa, a rufe ɗayan daga hawan liman mumbari zuwa sallama kawai, a kuma nemi fili a cikin unguwa domin ajiye motoci.

Ga hukuma kuwa, shawararmu ita ce a fara da titi ɗaya a yi shi da kyau, kuma titin Gwarzo ya fi cancanta. Daga Janguza ya biyo ta sabuwar Jami'ar Bayero da Rijiyar Zaki da Kabuga zuwa Tal'udu, dubban ɗalibai da ma'aikata na bin sa a lokuta sanannu, safe da yamma. A killace layi, a sa bas duk minti biyar, a yi rangwame ga mai katin makaranta, gaban motar ya zama na mata, kuma kada a hana adaidaita ko ɗaya bin titin sai bayan wata shida ana gani. Ɗalibanmu na sashen tsara birane da na injiniya suna iya share fage tun yanzu: su tsaya a Kabuga mako guda da takarda da biro, daga ƙarfe bakwai zuwa tara na safe, su ƙirga ababen hawa da mutanen da ke cikin kowanne, su tambayi fasinjoji nawa suka biya daga gida, sannan su miƙa sakamakon ga Majalisar Dokokin jiha kafin a zauna kan kasafin kuɗin baɗi.